Allunan Makarantu a Zango

In kun bar Daura kuka miƙi hanyar Baure, za ku iske Zango, dab da iyakar Nijar. Nan sarakunan Haɓe suka zauna bayan jihadi, kafin Sarki Musa ya koma gadon Daura. Mu kam allunan makarantu muka je karantawa, don allo kan faɗi mai makaranta.

Firamaren gwamnati tana hannun hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, wadda ke ƙarƙashin SUBEB a Katsina. Dokar 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne, kuma dole. Babbar sakandare kuwa ma'aikatar ilimi ta jiha ke riƙe da ita.

Wadda ta fi burge mu ita ce makarantar al'umma. Mutanen gari ke ba da fili, su haɗa kuɗin bulo da kwano, sannan su nemi gwamnati ta turo malamai. Nisa ne ke sa su. Yarinyar ƙauye ta gama aji shida, in sakandare ta yi mata nisa, sau da yawa karatun ya tsaya ke nan.

Amurka ma tana da mai kama da ita. Tun 1991 jihar Minesota ta yarda ƙungiya ta gudanar da makaranta da kuɗin gwamnati bisa yarjejeniya, in ta gaza a rufe ta. A nan kuwa kuɗin farko daga aljihun manomi yake fitowa, kuma in iskar damina ta yaye rufi, iyaye ne ke fara taruwa tun takarda ba ta isa Katsina ba.