Guzurin Wuta a Cikin Jirgin Masunta: Anacha, Fatakwal da Inugu

Tun kafin ladanin unguwar Hausawa ya kira assalatu, bakin Kogin Kwara a Anacha ya riga ya farka. A gindin kasuwar Ose mata masu sarin kifi sun jera darurrukansu, masunta kuwa suna kwarfe ruwan da ya kwana a cikin jirage, suna warware raga. Daga kudu ana hangen tsohuwar gada wadda aka gama a 1965, a bayanta kuma ga sabuwa wadda aka buɗe a 2023. A cikin masu shirin fita, wani lokaci a kan ga saurayi ɗaure da 'yar kyamara a ƙirji, wadda ba ta fi kwalin ashana biyu girma ba. Tunanin sauran jama'a yana kan kifi. Shi kuwa tunaninsa yana kan wuta, watau ko cajin da ya taho da shi zai kai shi la'asar.

Mai karatu na Kano ko Sakkwato ya fi sanin Anacha da babbar kasuwarta, amma dangantakar garin da Arewa ta ruwa ta fara. Jiragen Nufawa da na Kakanda sun daɗe suna gangarowa da kaya ta Lakwaja, Sarkawa kuma, masuntan ƙasar Yawuri da Kabi, sun saba bin Kwara da Binuwai duk inda kifi ya ja su. Sunayen titunan unguwar Odoakpu ma shaida ne, don akwai Titin Bida da Titin Sakkwato da Titin Kano. Ga kuma bandar Tafkin Chadi, wadda a kan loda a Baga da Maiduguri a kawo Anacha da Inugu, Inyamurai suna kiranta mangala.

Duk da wannan daɗewa, kaɗan ne daga cikin zaman Hausawan Gabas aka ajiye a rubuce ko a hoto. Tashin hankalin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun watsa unguwannin, rikicin Fabrairu 2006 kuma ya sake taɓa na Anacha. Sau da yawa wanda ya gudu da ransa ba ya tsayawa ɗaukar akwatin hotuna. Saboda haka saurayin da ya ke ɗaukar yinin masunta ba wasa kaɗai ya ke yi ba. Yana nuna wa 'yan'uwa na gida yadda a ke neman abinci a nan, yana kuma ajiye wa na baya abin da za su gani.

Kifi Ba Ya Sa Rana

Irin wannan kyamara, wadda kamfanonin GoPro da DJI suka shahara da ƙerawa, an yi ta ne don mai aiki da hannu biyu. A kan ɗaura ta a ka ko a ƙirji ko a hancin jirgi, ba ta tsoron feshin ruwa, sababbin ƙirar ma suna jure nitso har mita 10. Aibinta guda ne, cikinta ƙarami ne. Batirin GoPro na ƙirar da ta fito a 2020 ma'auninsa 1,720 mAh ne, ya kan yi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi yana ɗauka, sai ya mace.

Ga shi kuwa kifi ba ya sa rana. Masunci ya kan jefa birgi sau ashirin ya fito da ciyawa, a na ashirin da ɗaya ƙarfasa ta cika raga. Ya kan bi mamarin da ya kafa jiya ƙugiya bayan ƙugiya ba kome, sai can ya ji nauyin giwan ruwa. Wannan ɗan lokaci shi ne dukkan labarin, kuma in kyamara tana kashe, ya wuce ke nan. Akwai kyamarorin da su ke riƙe daƙiƙa 30 na abin da ya faru kafin a danna maɓalli, amma wannan dabara ma sai kyamara tana kunne, tana cin batir. Fita daga asuba zuwa la'asar awa 10 ne ko fiye. Wanda zai dogara da ƙananan batura kaɗai sai ya tanadi bakwai ko takwas, ya riƙa buɗe kyamara da jiƙaƙƙen hannu a cikin jirgi mai tangaɗi.

Hanya ta biyu ita ce rumbun caji, wanda samari ke kira fawa banki. Lissafinsa ba wuya. Mai 20,000 mAh yana ɗauke da abin da ya kai wat 74 na awa guda. Kusan rubu'in wannan ya kan salwanta wajen juya wutar zuwa ƙarfin da kyamara ke karɓa, ita kuwa kyamara tana cin kamar wat 5. Ashe ke nan rumbu guda mai kyau zai riƙe ta awa 10 zuwa 11. Sai dai a kasuwa, ta Anacha ko ta ko'ina, ba duk lambar da aka buga a kwali ce ke cikin rumbu ba. Na gaskiya yana da nauyi a hannu, wajen gram 350 zuwa 450. Mai hankali ya kan gwada shi a gida yini guda kafin ya shiga ruwa da shi.

Hanya ta uku batirin babur ne. Yawancin injinan jirage na kogi da igiya a ke tayar da su, ba su da batir, saboda haka sai mutum ya zo da nasa mai bolt 12, ya haɗa shi da irin cajar da a ke soka wa mota. Yana da arha, yana da nauyi, kuma ba a so a zuƙe shi fiye da rabi, in ana so ya daɗe. Wajibi ne a sa masa fis, a rufe kawunansa, don ƙugiya ko wuƙa in ta haɗa su biyu, tartsatsi ne a kusa da jarkar fetur.

Bayan wuta sai zafi. Da hantsi rana ta kan doki Kwara ta dawo wa mutum a fuska, kyamara kuma in ta yi zafi sai ta kashe kanta. Maganinsa shi ne a cire batirin cikinta in tana shan wuta daga rumbu, a yi mata 'yar inuwa, a kuma rage kaifin hoto daga 4K zuwa 1080. Wannan ragi yana da wata riba. A mafi kaifi, awa guda ta kan cinye wajen gigabayit 45 na memori, a matsakaici kuwa kamar 20, watau memori mai 256 ya ishi yini.

Akwai abin da ya fi waɗannan duka. A Oktoba 2022, lokacin babbar ambaliya, jirgi ya kife a Ogbaru, kudu da Anacha kaɗan, aka ba da labarin rasuwar mutum fiye da 70. Igiyar caji da ta sarƙe da raga tana iya jan mutum ruwa. Rumbu ya zauna a aljihun rigar iyo, igiya ta zama gajeriya, rigar kuwa ta kasance a jiki, ba a ƙarƙashin mazauni ba.

Ruwan Gishiri

Wanda ya ƙware a Kwara, in ya gangara Fatakwal sai ya koma ɗalibi. An kafa garin a 1912 a bakin Kogin Bonny don fitar da gawayin ƙasa na Inugu, kuma ruwansa na teku ne, yana cika yana janyewa sau biyu a yini. Su a nan sana'ar 'yan ƙasa ce, Okrika da Kalabari da Ibani da Andoni. Hausawan garin, na tsohon gari da na Diobu, sun fi yawa a cinikin dabbobi da doya da albasa da canjin kuɗi, kuma a kasuwar Creek Road su ke haɗuwa da masunta. Bahaushen da ya shiga jirgi a nan baƙo ne. Ladabi shi ne ya nemi izini kafin ya ɗauki fuskar kowa, ya kuma kau da kyamara daga wuraren man fetur da na jami'an tsaro.

Abokin gaba na farko a nan gishiri ne. Kyamara tana jure ruwa ne muddin ƙofarta tana rufe. Da an buɗe ta don soka igiyar caji, kariyar ta tafi. A ruwan daɗi ɗigo guda ya kan bushe a zauna lafiya, amma ruwan gishiri yana ɗaukar wuta, ya ci bakin caji ya mai da shi kore cikin 'yan kwanaki. Ana sayar da ƙofa ta musamman mai kafar igiya, wadda ke tare yayyafi amma ba ta tare nitso. Saboda haka dabara ta kan juye a Fatakwal. Sa'ad da ruwa ya kwanta a cikin rafukan dajin mangwaron ruwa, sai a sha daga rumbu. In an fito fili igiyar ruwa ta fara duka, sai a zare igiya, a mai da batir, a rufe ƙofa. Rumbun kansa ya zauna cikin robar abinci mai murfi, yana cajin sauran batura a ciki.

Na biyu sararin sama ne. Ruwan da ke sauka a Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, gajimare kuma ba ya nisa. Farantin sola na naɗewa, wanda zai yi aiki sosai a Argungu, a nan rabin ƙarfinsa ma da ƙyar ya ke bayarwa. Daɗin daɗawa, tun daga ƙarshen 2016 garin ya yi shekaru yana fama da baƙin toka na haramtattun matatun mai, wanda ke kwanciya a kan kowane abu da aka shanya. Sola a nan mataimaki ne, ba uban tafiya ba.

Amma a wannan yanki ne aka ga iyakar amfanin hoto mai motsi. A 2008 bututun mai ya fashe a Bodo, ƙasar Ogoni, gabas da Fatakwal, ya kashe kifin rafukan. Daga baya wasu masana na Amurka suka yi nazarin bidiyon da aka ɗauka na bakin bututun, suka nuna man da ya malala ya ninka abin da aka faɗa da farko sau da yawa. A 2015 kamfanin Shell ya yarda ya biya fam miliyan 55 na Ingila ga masunta fiye da 15,000 da al'ummarsu. Da batirin mai ɗaukar nan ya mace a ranar, da wani ɓangare na hujja ya bi ruwa.

Garin da Ba Jirgi

Daga Fatakwal hanya ta kan hau arewa zuwa Inugu, inda layin dogo ya isa a 1916. Nan babu babban kogi, sai tuddan Udi da jar ƙasa. Hausawa sun biyo dogo da shanu suka zauna a wajen Asata da Ogui, har ɗayansu, Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Kifin da a ke ci a nan baƙo ne, daga Kwara ko daga Chadi, kuma a kasuwar Ogbete ya ke sauka. Mai sayar da banda a Ogbete yana iya shekara ashirin da kifi a hannu bai taɓa ganin an jawo raga ba. Shi da irinsa su ne masu kallo, domin su a ke tara wutar nan duka.

Abin mamaki shi ne, garin da ya ba Nijeriya gawayin da ya tuƙa jiragen ƙasa, wanda aka gina wa tashar lantarki a Oji River a shekarun 1950, yau shi ma jiran wuta ya ke kamar kowa. Ma'adinan sun rufe, tashar ta daina aiki. A 2024 kaɗai babban layin lantarki na ƙasa ya faɗi sau da dama, janye tallafin fetur a Mayu 2023 kuma ya ƙara wa mai janareta nauyi. Saboda haka a Inugu, kamar a Anacha da Fatakwal, rumfar mai caji ta zama wata majalisa. Can a ke kai waya, can a ke kwashe hoto daga memori, can kuma rumbu ke kwana. Babban rumbu ya kan ɗauki awa 5 zuwa 10 kafin ya cika, gwargwadon ƙarfin caja. Wanda ya manta bai kai shi da magariba ba, ya yi asarar gobe tun daga yau.

Fatake na dā da suka bi wannan hanya da ƙafa sun san cewa ba a neman guzuri ranar tafiya. Sun auna gari da kanwa gwargwadon zango, sun bar rara saboda ɓacin rana. Kayan sun sake, hankalin kuwa yana nan. Matashin da zai shiga jirgi ya lissafa awoyinsa, ya gwada rumbunsa, ya tanadi batir biyu na ko-ta-kwana, ya naɗe kome cikin leda. In ya yi haka, ran da giwan ruwa ya taso a gindin gadar Anacha, tsohuwa a Yawuri za ta gan shi a tafin hannunta, ta san inda ɗanta ya ke yini.