Kwana Ɗaya a Bakin Ruwan Bakolori

Ɗalibai, a cikinku akwai waɗanda suka girma suna cin shinkafar Talata Mafara da Bakura, amma ba su taɓa ganin ruwan da ke shayar da ita ba. Ni ma haka nake, sai wani hutun hunturu da malaminmu na labarin ƙasa ya kwashe mu, mu ƙalilan, ya kai mu Dosara a yankin Maradun.

Da muka isa, gidan mai gari muka fara zuwa muka yi gaisuwa, domin baƙo ba ya ratsa gari bai sallama ba. Daga nan muka kama hanya a ƙasa, kowa da tabarma, bargo da gorar ruwa, muna ratsa gonakin da aka girbe da gindin gawo da kuka. Can sai ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Wani daga cikinmu ya ce, "Malam, wannan ba teku ba ne?" Malam ya yi dariya ya ce, "Gulbin Sakkwato ne aka tare."

Madatsar Bakolori ke nan. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina ta, aka kammala a 1978, lokacin nan yankin yana cikin Jihar Sakkwato, tun kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996. Tsawon bangon ya haura kilomita 5, tafkin kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. Daga nan ruwan ke bin magudanai zuwa gonakin rani, inda ake noma shinkafa, masara, albasa da tumatir.

Mun bi gaɓa har la'asar. Masunta na janyo koma, cikin kwalekwalensu ga tarwaɗa ga karfasa. Balbelu sun yi fari fat a bayan shanu, zalɓe kuwa ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai gadi. Da muka so yin wanka Malam ya hana. Ya ce ruwan da ke kwance yakan tara ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, mai sa fitsarin jini, ga shi kuma ba ka sanin zurfin wuri da ido.

Da dare muka hura wuta, muka gasa kifi, sanyi na ratsa bargo. Wani dattijo masunci ya zauna tare da mu. Ya nuna tsakiyar tafkin ya ce, "Yarana, gonar mahaifina tana ƙarƙashin can." Muka yi tsit.

Washegari Malam ya ƙarasa mana labarin. Aikin madatsar ya raba dubban mutane da gidaje da gonaki, da yawa kuma ba su sami diyyar da ta dace ba. Manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu. A watan Afrilu 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, aka ƙone gidaje. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen yankin kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Can ƙasan gulbi ma, manoman fadama sun yi asara, domin ambaliyar da ke jiƙa musu gonakin shinkafa kowace shekara ta ragu.

Na je kallon ruwa, na dawo da tambaya: idan za a yi aikin ci gaba, wa zai amfana, wa kuma zai biya?

Yau ba zan ce ku ɗauki tabarma ku je ku kwana a can ba. Matsalar 'yan bindiga ta sa dajin yankin ya zama wurin taka-tsantsan, kuma rai ya fi yawon buɗe ido. In za ku je, ku je da rana, tare da malamai, da izinin iyaye da shawarar mutanen gari. Kafin nan, akwai tafiyar da ba ta buƙatar mota: ku zauna da kakanninku ku tambaye su yadda ƙasar take kafin ruwa ya zo, ku rubuta abin da suka faɗa.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, har ƙannenku su kwana a bakin Bakolori ba tare da fargaba ba.