Zango, Masaukin Masu Jinya

Fatake ne suka kafa zango domin baƙo ya sami wurin sauke kaya. Har yau Kotobabi da Nima da Maamobi ba su daina karɓar baƙi ba, sai dai da yawa daga cikinsu ba fatauci ya kawo su ba, jinya ce ta taso su daga Tamale ko Yendi ko Bawku. Mu da muke riƙe da littafin gudunmawa a zauren dattijo, shafukan da biki da suna suka saba cikawa, yanzu kuɗin asibiti ke cinye su. Sau da yawa kuma cutar a ciki take: hanta, ko tumbi, ko hanji.

Ciwon daji na ciki gwanin ɓad da kama ne. Jini a bayan gida mu ce basir. Zafin ciki mu ce olsa. Ido ya yi rawaya mu ce shawara, a jiƙa sassaƙe. Kunya kuma ta ɗora nata, domin dattijo ba ya iya gaya wa ɗansa abin da ya gani a bayi. Sai ciki ya kumbura, jiki ya rame, sannan a nemi motar Korle Bu, lokacin da likita ba shi da abin yi sai rage raɗaɗi.

Jinkirin ba duka daga gare mu yake ba. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda doka ta kafa a 2003, ta ɗauki nauyin dajin nono da na bakin mahaifa, daga baya aka ƙara wasu na yara, amma na hanta da na hanji suka zauna a waje. Tsofaffin cibiyoyin gwamnati masu gasa daji biyu ne: ta Korle Bu da aka buɗe a 1997, da ta Komfo Anokye a Kumasi. Shi ya sa ɗan arewa ke sayar da saniya ya gangaro kudu. Asusun MahamaCares na 2025 ya zo da alkawarin tallafa wa masu irin waɗannan cututtuka, muna kuma fatan alkawarin ya iso lungunanmu.

Amma asusu yana biyan kuɗin ciwon da ya riga ya nuna ne. Dajin hanta, wanda ke sahun gaba wajen kisa a Gana, yawanci daga ciwon hanta nau'in B yake tasowa, gubar fumfunar gyaɗa da masara kuma tana ƙara masa ƙarfi. An shigar da allurar rigakafinsa cikin alluran jarirai a 2002, ke nan duk wanda aka haifa kafin nan bai same ta a goye ba. Roƙonmu ga hukuma: a gwada jinin manya kyauta, a yi wa jariri allurar cikin sa'o'i 24 na haihuwa kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, a kai na'urar leƙa hanji asibitocin yankuna.

Mu ma da namu nauyin. Wanzami ya sauya aska ga kowane kai. Mai koko ta zubar da hatsin da ya yi fumfuna, ko da asarar ta yi ciwo. Limamai su faɗa a huɗuba cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Wanda kuma ya ga jini, ya faɗa tun ƙafarsa na iya kai shi asibiti.