Tsakanin totur da birki

A Birnin Konni, wanda aka hana wa tafiya tamkar an rufe masa kanti ne. Garinmu kan mahaɗar hanyoyi yake: babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa shi daga Yamai zuwa Maraɗi, Illela da Sakkwato suna kudu da mu, hanyar Tawa kuma ta rabu daga Tsarnawa. Ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati, kowa abincinsa bisa taya yake. Saboda haka, ya ku masu karatu, sa'ad da aka canza mini gaɓar kwatangwalo ta dama, abin da na fara tambayar likita shi ne yaushe zan koma tuƙi.

Mai yiwuwa a yi mamakin yadda ɗan shekara talatin da ɗoriya zai kai ga wannan aiki da aka fi sani ga tsofaffi. Ciwon sikila ne mafari. Yakan toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, har ƙashin ya mutu ya rufta. Likitoci sai su yanke shi, su kafa wani na ƙarfe, su sa masa kwano a cikin ƙugu inda zai riƙa juyawa. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita wannan dabara a shekarar 1962.

Likita ya ce mini mako shida, in komi ya tafi daidai, sa'an nan ya gindaya sharuɗɗa: in ajiye sanduna, in rabu da magungunan zafi masu sa maye irin su tramadol, in iya taka birki da dukan ƙarfina ba tare da na tsaya tunani ba. Wanda aka yi wa aiki a hagu, in motarsa mai canza giya da kanta ce, yakan koma da wuri. Amma yawancin motocinmu masu kuloci ne, ƙafa biyu duk aiki suke, ta dama kuwa ita ke tsakanin totur da birki.

Mako na huɗu ya fi kowane wuya, domin zafi ya tafi, ina takawa har masallacin unguwa, masu zuwa gaisuwa kuma suna cewa ai na warke. Aiki na jirana, kuɗin kabu-kabu na cin aljihu. Abin da ya riƙe ni lissafi ne irin na ɗan makaranta. Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa guda. In ƙafa ta yi nawa da rabin daƙiƙa kaɗai wajen barin totur ta kama birki, mota ta ƙara mita 8. Wanda ya san ƙofar kasuwar Konni ranar Laraba, ya san abin da ke iya kasancewa cikin mita 8: yarinya da faranti bisa kai, amalanken jaki, tsoho da akuyarsa. Rashin jin zafi ba ya nuna cewa tsokar da aka tsaga ta dawo da saurinta.

Da wa'adi ya cika, likita ya amince, muka fita fili bayan gari ni da ƙanena. Shiga motar ma sai da na sake koyonta: a ja kujera baya, a ɗora matashi don kada gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo, a fara zama, sa'an nan a shigo da ƙafafu biyu tare, domin sabuwar gaɓa na iya gocewa in an lanƙwasa ta da yawa ko an murɗa ta. Ƙanena yakan buga tafi ba zato, ni kuma in danna birki. Muka yi ta yi kwana uku, har ya ce: "Yaya, yanzu kam ƙafar ta riga kunnenka."

Tafiyata ta farko Galmi ce, da sanyin safiya. Na wuce Tsarnawa, na wuce Malbaza da masaƙar simintinta, ina bin bayan manyan motoci ba tare da sha'awar wuce su ba. Yamai kuwa, mai nisan kusan kilomita 420, sai bayan wasu makonni, ina tsayawa kowace sa'a in taka ƙasa, domin dogon zama bayan irin wannan aiki yakan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa.

Ga 'yan kasuwa da shugabannin ma'aikatu ina da roƙo guda. In direbanku ko ma'aikacinku ya fito daga irin wannan aiki, kada ku matsa masa, ku ba shi makonninsa cikakku. Jandarma a bakin shinge parmi zai duba, parmi kuwa shaida ce cewa mutum ya iya tuƙi, ba ta faɗin halin da ƙafarsa ke ciki yau. Wannan hukunci na likita ne da na mai ƙafar, kuma masu tafiya a gefen hanya su ne ke biyan kuɗinsa in an yi gaggawa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kai matafiya gida lafiya.