Ranar da Baba ya yi ritaya

1/ A manyan ma'aikatu, rabin ilimin aiki ba a rubuce yake ba, a kan mutum ɗaya yake zaune. Ga abin da na gani a ofishinmu nan Hotoro.

2/ Akwai wani dattijo mai kula da fayil-fayil, Baba muke ce masa. Duk takardar da ka nema, ya san kabad ɗinta. Ya cika shekara 35 a aikin gwamnati, dole ya ajiye.

3/ Bayan wata guda, wata baiwar Allah ta riƙa zarya daga Gyadi-Gyadi kan haƙƙin mijinta da ya rasu. Sau huɗu tana biyan kuɗin adaidaita. Fayil ɗin fa yana ofis, amma ba wanda ya san inda yake.

4/ Yanzu kuma komai a WhatsApp ake turawa. Waya ta ɓace, shi ke nan.

5/ Alhali dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomi adana bayanan aikinsu.

6/ Don Allah, kafin dattawanku su tafi, ku zauna da su, ku rubuta, ku ajiye inda kowa a ofis zai iya dubawa.