Hasumiyar Pisa: Jinkirin da Ya Zama Alheri

Daga birnin Fulorans zuwa Pisa, a ƙasar Italiya, tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. Na sauka da hantsi, na taka a ƙafa, na haye gadar Kogin Arno, na yi ta ratsa lunguna har na ɓulla filin da ake kira Piazza dei Miracoli. Ga babban coci, ga ɗakin baftisma, duk na farin dutsen marmara. Can bayan cocin hasumiyar take, tsayinta kusan mita 56, ta karkata kudu. Baƙi kuwa kowa ya ɗaga hannuwa ana ɗaukarsa hoto, wai shi ne ya tallafe ta.

Ba a shiga da jaka, kuma rukuni-rukuni ake hawa, kowa da lokacinsa. Da na shiga sai na tarar cikinta fayau, babu ɗakuna. Matakalar a cikin kaurin bango take, tana zagayawa har sama. A nan jiki ke gane karkatar: wani gefen bango ya riƙa jan kafaɗarka, da ka zagayo kuma sai ka ji ana tura ka ɗaya gefen. Sawun mutane ya cinye dutsen matakalar har ya yi kwarmi.

A watan Agustan 1173 aka aza harsashinta domin rataya ƙararrawar cocin. Zurfin harsashin mita 3 kacal, ƙasar wurin kuma laka ce da yashi. Ana kan hawa na uku, wajen 1178, ginin ya fara nutsewa ta gefe guda. Sai yaƙe-yaƙe suka ɗauke hankalin Pisa, aka yi watsi da aikin kusan shekara ɗari. Wani jinkirin alheri ne: a wannan tsakanin ne ƙasar ta danne ta yi ƙarfi. Da an zarce da ginin, da tuni ya zube.

A 1272 Giovanni di Simone ya ci gaba da aikin. Magina suka riƙa ƙara wa ɓangaren da ya nutse tsayi, shi ya sa idan ka tsaya daga nesa za ka ga hasumiyar ta ɗan lanƙwasa. Aiki ya sake tsayawa a 1284, bayan Jenowa ta ci Pisa da yaƙi a Meloriya. Sai wajen 1372 aka gama ɗakin ƙararrawa. Can na tsaya ina haki, ga ƙararrawa bakwai kewaye da ni, ga jajayen rufin gidajen garin shimfiɗe a ƙasa.

A 1990 karkatar ta kai digiri biyar da rabi, hukuma ta rufe wurin. Injiniyoyi, ciki har da Farfesa John Burland na Ingila, suka fara danne gefen arewa da dalma, daga baya suka riƙa zaƙulo ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin wannan gefen, har ginin ya dawo da fiye da santimita 40. A Disambar 2001 aka sake buɗe ta.

Ba su miƙar da ita gaba ɗaya ba, suka bar ta a kusan digiri huɗu. Ina saukowa na ga layin masu jiran hawa, na ce lallai sun yi dabara. Da a miƙe take, da yawancinmu a Fulorans za mu yi zamanmu.