Ranar da muka ga murjani da ransa

Jama'a, mu fa duk ruwan da muka sani a duniya bai wuce tabkin Madarunfa da Gulbin Maraɗi in damina ta yi kyau ba. Mu huɗu ne, ɗalibai ƴan Nijar da ke karatu a Khartum. Hutun 2022 muka hau mota zuwa Port Sudan, bakin Bahar Maliya, inda Hausawa ke da unguwanni tun zamanin da kakanni ke tafiya Makka a ƙasa.

Mai jirgin ruwan da ya ɗauke mu dattijo ne, ya ce kakansa daga Damagaram ya taso, guzuri ya ƙare masa nan. Da ya ji Hausa a bakinmu, sai ya rage mana kuɗi, ya kai mu Sanganeb, wajen kilomita 25 daga gaɓa. Doguwar hasumiya ce tsaye a tsakiyar teku, kewaye da dutsen murjani da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016.

Malamin nutso ya ɗaura mana tukunyar iska a baya, kamar ta gaz, da tabarau, da takalman roba irin ƙafar agwagwa. Dokarsa biyu ce: kada ka riƙe numfashi, kada ka taso da sauri. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne mutum ya ninka na doron ƙasa, don haka iskar da ka shaƙa can ƙasa kumbura take in kana tasowa, tana iya fasa huhu. Muka ce mun ji.

Muka sauka a hankali, muna toshe hanci muna hurawa don kunne ya buɗe. Ƙasa na nan kusa, fari fat da rairayi. Muka matsa gaba kaɗan, kawai sai ƙasar ta ƙare. Ku ɗauka rijiya ce irin masu zurfin nan na Adar, amma bango ɗaya gare ta, sauran duk shuɗi ne har ya koma baƙi. Ga mu rataye, ba igiya, ba guga.

Bangon kuwa rai gare shi. Abin da muke ɗauka dutse ne ko tsiro, ashe ƙananan dabbobi ne, kowace ta gina ɗakinta bisa na iyayenta, shekaru dubbai, har ya zama wannan ganuwa. Kifaye jajaye ƙanana sun lulluɓe ta kamar jan baki a gonar hatsi. Mu da muka san murjani a wuyan iyayenmu mata da cikin Suratur Rahman! (Na wuya dai dangin wannan ne, galibi daga Bahar Rum ake samo shi.)

Nan ɗayanmu, ɗan Tasawa, ya duba ƙasa, kansa ya juya. Ruwa ya shiga tabaransa, ya soma harba ƙafa zai yi sama. Malamin ya cafke shi a ƙirji, ya zuba masa ido, yana nuna masa da hannu: shaƙa, fitar, shaƙa, fitar. Wallahi ba mu san tsawon lokacin ba. Mu ukun muna kallo, ba bakin magana, sai addu'a a zuci. Da muka fito, dattijon ya miƙa masa shayi ya ce, "Ɗana, bango ake kallo, ba rami ba." Ya ce, "Baba, na tuba."

A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, karatu ya watse. Biyu cikinmu ta Port Sudan suka tsere. Sun tarar da bakin tashar cike da masu jiran jirgin Jidda, sun yi kwana uku suna cigiyar Baba, ba wanda ya san inda jirginsa ya nufa.